Abinci Mai Tsaron Jiki Yana Nan A Gonar Manomi

Kowa ya san ƙasar Zuru ƙasar noma ce. Daga Dabai zuwa Ribah, har Mahuta da Dirin Daji, in kaka ta yi sai a ga rumbuna cike da dawa. Amma cikar rumbu daban, lafiyar iyali daban. Sau da yawa manomi ya kan kwashe wakensa da gyaɗarsa duka ya kai kasuwa, ya bar yara da tuwo da miya tsululu. Ciki ya cika, amma jiki bai sami abin da ya ke bukata ba.

Masana sun raba abinci kashi uku. Akwai mai ba da ƙarfi, kamar dawa da gero. Akwai mai gina jiki, kamar wake da gyaɗa da nama. Akwai kuma wanda ban da ƙosarwa yana tsare jiki daga cuta. Wannan na ukun ya sami kulawa ƙwarai a duniya, har a 1991 gwamnatin Japan ta kafa tsarin sa hatimi na musamman a kan irinsa. A Nijeriya ma tun 1993 aka wajabta sa sinadarin aidin a gishiri domin rigakafin maƙoƙo.

To, manomin Zuru ba sai ya je nesa ba. Zogale da rama da alayyafo da kabewa da mangwaro da gwanda duk suna ɗauke da abin da jiki ya ke juyawa ya zama bitamin A. Rashinsa shi ke kawo dundumi, watau yaro ya kasa gani da zarar magariba ta yi, kuma ƙyanda da gudawa su fi saurin kayar da shi. Sai dai ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, saboda haka a riƙa sa man gyaɗa ko ƙuliƙuli a kwaɗo. Ganyen da za a ajiye kuwa a shanya shi a inuwa, gama rana tana rage amfaninsa.

Wake yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, wanda masu ciki su ke bukata ƙwarai. In aka haɗa shi da tumatir, ko aka bi shi da lemo ko kwalba da nono mai garin kuka, jiki ya fi ɗaukarsa. Shayi nan take bayan abinci yana rage wannan.

Akwai kuma sabon iri. A 2012 aka fito da masara mai ruwan lemo a Nijeriya, wadda ta ke da bitamin A. Haka kuma akwai dankalin Hausa mai ciki ruwan lemo. Mai so ya tambayi malamin gona na yankinsa, ga kuma Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020.

A kula da abu biyu. Gyaɗa ko masara mai hunhuna tana da dafi mai ɓata hanta, kada a ba yara ko dabbobi. Sa'an nan mai tallan garin zogale da ya ce yana warkar da kowace cuta, neman kuɗi ya ke yi. Abinci tsaro ne, mara lafiya kuwa asibiti za a kai shi.

Bana dai, kafin buhu ya tafi kasuwa, maigida ya ware na iyali tukuna, ya kuma dasa zogale a jikin danga. Rigakafi ya fi magani.