Babi na Bakwai: Tsara Ƙaramin Situdiyo a Ɗan Ɗaki

Da yawa daga cikin waƙoƙin Hausa na zamani a ƙananan ɗakuna ake naɗe su, irin shagunan da ke jere a Titin Gidan Zoo a Kano. Ƙanƙantar wuri ba ta hana aiki ya yi kyau. Abin da ke cinye kuɗin masu situdiyo shi ne rashin rarrabe ayyuka biyu: hana ƙara shiga ko fita, da gyara yadda sauti ke yawo a cikin ɗakin. Kowanne da kayansa.

Tare ƙara

Sauti kamar ruwa yake, duk kafar da ya samu sai ya bi. Don haka da toshe kafofi ake farawa: ƙasan ƙofa, gefen taga, ramin wayar lantarki, da tsakanin bango da silin. A sa ƙofar katako mai nauyi, a zagaye bakinta da roba yadda za ta rufe ruf. Tagar da ke tsakanin mawaƙi da mai haɗa sauti a yi mata gilashi biyu masu kauri daban-daban, a bar fili tsakaninsu.

Sai nauyi. A ƙa'ida, idan aka ninka nauyin bango, ƙarar da ke ratsa shi tana raguwa da kusan desibel 6. Shi ya sa bulo mai inci tara da aka cika ramukansa da yashi ya fi soso komai tsadarsa. Wanda ke da hali ya gina ɗaki cikin ɗaki: bango na biyu da bai taɓa na farko ba, da iska a tsakani. Rufin kwano yana buƙatar silin mai kauri, in ba haka ba ruwan damina zai shiga waƙa. Janareta kuwa a nisanta shi, a ɗora shi kan roba, domin girgizarsa ta ƙasa take bi. Kuma ɗakin da aka toshe dole a yi masa hanyar iska mai lanƙwasa, don mutane su yi numfashi.

Gyara cikin ɗaki

Wallace Sabine, malamin kimiyya a Jami'ar Harvard ta Amurka, shi ya aza harsashin wannan ilimi tun 1895, lokacin da aka ba shi gyaran wani zauren lacca da ba a jin magana a cikinsa. Ya auna tsawon lokacin da amo ke ɗauka kafin ya mutu. A ƙaramin situdiyo ana son ya mutu cikin ƙasa da rabin daƙiƙa.

Babbar matsalar ɗan ɗaki ita ce sauti mai kauri, irin na babbar ganga. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka tsakanin bangaye biyu masu tazarar mita 3, amon da ke kusa da 57 Hz yana taruwa: a wani gefe ya yi ƙarfi, a wani ya ɓace. Ɗakin da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa suka zo daidai ya fi kowanne muni. Maganin shi ne a cika kusurwoyi da audugar dutse irin Rockwool mai kauri, a rufe ta da yadi.

Lasifikoki biyu da kan mai sauraro su kasance tazararsu ɗaya, daidai tsayin kunne. Sai ka zauna a kujerarka, wani ya riƙa jan madubi a jikin bango. Duk inda ka hango lasifika a madubin, nan sauti ke fara dawowa, nan za a kafa allon auduga mai kaurin santimita 10.

Kwalin ƙwai ba ya tare ƙara, siririn soso ma haka, ga shi yana saurin kama wuta. A 2003 gobara ta kashe mutum 100 a wani gidan rawa a jihar Rhode Island bayan soson bango ya kama. Mai ƙaramin jari ya bi tsari: toshe kafofi, ƙara nauyi, gyara kusurwoyi, sannan ya nemi makirufo mai tsada.