Ba Laifin Gam Ba Ne, Gaggawarmu Ce

Wata ɗabi'a ta zama ruwan dare a Illela, tun daga garejin masu gyaran jikin mota har zuwa samarin da ke ƙera 'yan jirage da rokoki na gwaji. A ɗauko gam mai bututu biyu, irin su Araldite, a cakuɗa da tsinke, a shafa wa alminiyum, a manna a jikin faiba, shi ke nan wai an gama. Kwana biyu abin ya ɓamɓare, sai a hau mai shago da zagi, wai jabu ya sayar.

Na ga wasu ɗalibai da suka liƙa fikafikan alminiyum a gindin rokarsu mai tashi da ruwa da matsin iska. Tashin farko fiffike ɗaya ya yi nasa wuri, rokar ta karkace ta nufi inda yara suke tsaye. Allah ne ya kiyaye. Da aka duba, gam yana nan daram a jikin faiba, alminiyum kuwa fes, ko ɗigo bai riƙe ba. Wannan ai ganganci ne!

Da zarar iska ta taɓa alminiyum, yakan yi wata siririyar fata da ido ba ya gani, ga maiƙon hannu, ga ƙura a kanta. Wanda ya shafa gam a haka, datti ya liƙa. A fara wanke wurin da sipirit, a goge shi da sanfefa har ya yi kaushi, a sake wankewa, a liƙa nan take. Ba gobe ba, ba bayan an dawo daga kasuwa ba. Kada a sake taɓa wurin da yatsa. Kada kuma a wanke da fetur, duk da a garin nan ba a nemansa da nisa, domin maiƙo yake bari. Ita ma faibar a kashe ƙyallinta da sanfefa, amma a rufe hanci, ƙurarta ba ta shaƙa ba ce.

Awon bututun biyu a bi yadda kwali ya ce. Ƙara ɗaya ba ya ƙara ƙarfi. Gam mai saurin kamawa bai kai mai jinkiri ƙwari ba, kuma kowanne ne a ba shi awa 24. Zafinmu na Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, alminiyum kuma ya fi faiba buɗewa idan ya ji zafi, don haka duk abin da zai ɗauki nauyi ko ya tashi sama a ƙara masa noti, ko a shimfiɗa ƙyallen faiba a kan mahaɗar.

Malamai da iyaye, kada ku hana yara ƙirƙira, amma ku tsaya a kansu. A yi gwaji a fili, nesa da jama'a, nesa da shingayen jami'an tsaro na hanyar Birnin Ƙonni.