TARAKTA TA ƘI TASHI: A DUBA WAYA KAFIN A SAYI KAYA

Duk wanda ya san fadamar Haɗejiya ya san lokaci ba ya jiran kowa. Da ruwan kogi ya janye bayan damina, sai manoman Auyo da Kirikasamma da Guri su shiga haramar gyaran ƙasa, domin alkama tana son a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, ta sami sanyin hunturu. Wanda taraktarsa ta kwanta mako biyu a wannan tsakani, to, ya yi asarar da ba ta ramuwa sai baɗi.

Da yawa daga taraktocin da ake haya tsofaffi ne, wasu ma sun girmi direbobinsu. Massey Ferguson 135, misali, tun 1964 aka fara ƙera ta, da yawa kuma a birnin Coventry na Ingila aka ƙera su. Injin irin waɗannan yana da ƙarko, amma wayoyinsu sun sha wuya. Laimar fadama tana kawo tsatsa, rana tana busar da robar waya ta tsage, ɓera kuma yana gaigaye ta a inda aka ajiye motar. Ga shi injin gas irin na da, in ya tashi, ba ya bukatar lantarki, saboda haka sai a riƙa jan motar ana ta da ita, a ƙyale ciwon yana girma.

Abin da muka lura shi ne, da tarakta ta ƙi tashi, sai a ɗora wa batir ko sitata laifi, a tafi Kano a zubar da kuɗi. Alhali sau da yawa laifin yana mahaɗar waya ne, gyaransa kuwa bai wuce aikin rabin sa'a ba. Ga yadda za a bi.

Da farko a duba liba. A kan 135, ƙaramar libar tana da gurbi mai alamar S, in ba a sa ta nan ba, sitata ba za ta motsa ba. Sa'an nan a kunna fitilu, a murɗa makulli. In hasken ya dushe, watau batir ya yi sanyi, ko kuwa kan batir ya yi datti. In hasken bai canja ba, kuma ba a ji motsi ba, to, a bi wayar da ta taso daga makulli zuwa sitata. Cikakken batir yakan nuna volt 12.6 a ma'auni, in inji yana aiki kuwa ya kai wajen 14. In bai ƙaru ba, a duba fambel tukuna kafin a zargi dainamo.

Farin garin da ke taruwa a kan batir, ruwan ɗumi da ɗan kanwa suna wanke shi, amma kada a bari su shiga cikin batir. Bayan haka a kwance wayar da ta haɗa batir da jikin ƙarfe, a kankare wurin har ya yi ƙyalli, a ɗaure tam. Ta nan wuta take komawa, nan ne kuma aka fi mantawa.

Akwai gargaɗi uku. Wannan wayar ta jikin ƙarfe ita ake fara cirewa, ita ake mayarwa a ƙarshe. Kada a maye fiyus da guntun waya, gama fiyus ba ya ƙonewa banza, in an hana shi, motar ce za ta ƙone. Kada kuma mutum ya tsaya gaban taya ya ta da sitata da sukudireba, domin in motar tana cikin giya, ta kansa za ta bi.

To, malaman makaranta da akawuna, ku ne ake kawo wa takarda ku karanta, ku ne kuma ake jin maganarku a ƙauye. Ku koya wa samari wannan tsari, ku shawarci masu tarakta su duba wayoyinsu tun watan Satumba, gama da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya ba mu albarkar noma, amin.