Daga garken tumaki zuwa fada: Yadda iyalan Spencer na Ingila suka mayar da ƙasa asali

Mafi yawan mutane sun san sunan Spencer ne ta dalilin Gimbiya Diana, mahaifiyar Yarima William mai jiran gadon sarautar Birtaniya. Lokacin da aka ɗaura aurenta da Yarima Charles a 1981, an yi ta yayata cewa ta fito daga ɗaya daga cikin manyan gidajen sarautar Ingila. Haka abin yake, amma da sauran magana. Shekara ɗari biyar kafin wannan biki, iyalan Spencer ba su riƙe da kowace sarauta. Masu kiwon tumaki ne da ke hayar filaye a tsakiyar Ingila. Tarihin tashinsu ya bayyana yadda ƙasa ke kuɓuce wa talaka alhali akwai dokar da ta hana, da yadda dukiya kan saya wa mai ita asali idan ta daɗe a hannu.

Matsayin da suka fara takawa

A Ingila ta ƙarni na 16, masu manyan sarautun gado, waɗanda ke zama a majalisar dattawa, ba su wuce 'yan gomiya ba. A ƙarƙashinsu akwai wani rukuni mai faɗi da Ingilishi ke kira gentry: masu gandaye da ke rayuwa da abin da ƙasarsu ke samarwa, ba sa riƙe garma da hannunsu, kuma kowane gida na da tambarinsa da hukuma ta amince da shi. Sarki ba shi da 'yan sanda, ba shi da rundunar soja ta dindindin. Saboda haka daga cikin wannan rukuni yake naɗa alƙalan karkara da manyan jami'an gundumomi, daga cikinsu ne kuma ake zaɓen yawancin wakilan majalisar wakilai. Duk wanda ya mallaki ƙasa mai yawa a gunduma, to shi ne hukuma a wurin.

Ƙofar shiga wannan rukuni kuwa a buɗe take ga mai kuɗi. Ta nan John Spencer ya shiga. Ya sami tambarin gida a 1504, ya sayi gandun Wormleighton da ke gundumar Warwickshire a 1506, sannan a 1508 ya sayi Althorp da ke Northamptonshire daga iyalan Catesby a kan fam 800. Kafin rasuwarsa a 1522 ya riƙe muƙamin babban jami'in gunduma, Sarki Henry na Takwas kuma ya ba shi lambar girma ta Sir.

Abin da ya faru a Wormleighton

Domin fahimtar inda kuɗin suka fito, sai an san yadda ƙauyen Ingila yake a da. Gonakin ƙauye a buɗe suke, babu shinge. Kowane magidanci na da 'yan kunyoyinsa a warwatse cikin manyan filaye, bayan girbi kuma a saki dabbobin kowa su yi kiwo. Akwai kuma hurumin gari, inda ko mai saniya ɗaya ke da haƙƙin kiwo da yin itace.

Annobar da ta afka wa Ingila a 1348 da 1349 ta rage jama'a matuƙa, ƙwadago ya yi tsada, yayin da kasuwar ulu da tufafinsa ke bunƙasa. Mai ƙasa ya yi lissafi ya ga cewa filin da ke buƙatar manoma da yawa, makiyayi guda da karensa sun ishe shi idan aka mayar da shi wurin kiwo. Sai aka shiga kewaye filaye da shinge, ana rushe gidaje, ana sallamar masu haya.

Haka aka yi wa Wormleighton. A wajen 1499 William Cope, ma'ajin gidan Sarki Henry na Bakwai, ya rushe gidajen manoma 12 da ƙananan gidaje uku, ya mayar da eka 240 ta noma filin kiwo, mutum 60 suka rasa matsuguni. Daga hannunsa John Spencer ya sayi wurin. Ba shi ya kori mutanen ba, amma shi ya ci moriyar korar.

Dokar da ba ta da haƙora

Gwamnati ba ta yi shiru ba, domin ƙauyen da ya zama kufai ba ya biyan haraji, ba ya kuma ba da mayaƙa. Tun 1489 majalisa ta yi dokar hana rushe gidajen manoma, ta ƙara wata a 1515. A 1516 Thomas More ya koka a littafinsa Utopia, inda ya siffanta tumaki da dabbobin da suka rikiɗe suna cinye mutane. A 1517 babban wazirin sarki, Kadinal Wolsey, ya kafa kwamitin bincike a kan filayen da aka killace, sunan John Spencer kuma ya fito a ciki.

Hujjojin da ya kare kansa da su abin lura ne. Ya ce ya tarar da wurin a haka ne, ya gina sababbin gidaje, ya gyara majami'ar garin, yana ciyar da mutane da dama a gidansa, itatuwan shingayensa kuma na samar da makamashi a yankin da itace ke wuya. A taƙaice, ya nemi a duba alherin da yake yi, a manta da yadda ƙasar ta zo hannunsa. Ƙarshenta filayen suka ci gaba da zama na kiwo. A shekarun 1530 an sake yin dokar da ta ƙayyade yawan tumakin da mutum guda zai riƙe, amma an bar mata ƙofofin da manyan masu ƙasa ke bi su fice. Babbar matsalar ita ce waɗanda aka ɗora wa aiwatar da dokokin a karkara su ne masu shingayen. An ba kura ajiyar nama.

Tumaki, aure da gado

Iyalai da yawa sun killace ƙasa a wancan zamani, amma kaɗan ne suka dore. Abubuwa uku suka riƙe gidan Spencer.

Na farko, sun ɗauki kiwo sana'a ta gaske. Maimakon su ba da filayen haya su zauna jiran kuɗi, sai suka riƙa kiwon da kansu, suna hayayyafa tumakinsu, suna sayar da ulu a dunƙule ga manyan 'yan kasuwa, raguna kuma ga mahautan Landan. A shekarun 1570 garkunansu sun haura tumaki dubu goma. Ribar kuma ƙasa suke ƙara saye da ita.

Na biyu, aure. A al'adar masu ƙasa na Ingila, uban amarya ne ke haɗa ta da dukiya mai tsoka zuwa gidan miji. 'Ya'ya maza na gidan Spencer suka riƙa auro kuɗi, 'ya'ya mata suna auro suna. Jikan mai kafa gidan, wani Sir John Spencer da ya rasu a 1586, ya auri 'yar Sir Thomas Kitson, hamshaƙin ɗan kasuwar Landan. Magajinsa ya auri 'yar Sir Robert Catlin, babban alƙalin ƙasa. 'Ya'yansa mata uku kuwa gidajen manyan sarakuna aka kai su, ciki har da Alice, wadda mijinta ya zama Earl na Derby.

Na uku, gado. Babban ɗa namiji ne ke ɗauke ainihin gandun gaba ɗaya, ba a rabawa. Sir John ya sama wa ƙananan 'ya'yansa gandaye a Yarnton da Claverdon da Offley, amma Althorp da Wormleighton suka tafi ga magaji guda. Da wannan tsari ƙasar da aka tara ba ta tarwatse da mutuwar mai tarawa ba.

Sayen kakanni

Abu guda da kuɗi ba su kawo da kansu ba shi ne tsohuwar nasaba. Ita ma an nemo ta. A 1595 Richard Lee, ɗaya daga cikin manyan jami'an da ke kula da tamburan gidaje, ya tsara wa iyalan salsalar da ta haɗa su da Despenser, wani babban gidan sarauta na zamanin da, aka kuma sauya tambarinsu ya dace da sabon labarin. Sai a 1901 masanin tarihi J. Horace Round ya bi takardun ya nuna cewa haɗin ƙirƙirarre ne. A lokacin ƙaryar ta riga ta yi shekara ɗari uku tana aiki.

A 1603 matar sabon sarki James na Ɗaya da babban ɗansa suka ya da zango a Althorp a hanyarsu daga Sikotilan. Cikin shekarar aka naɗa Robert Spencer sarautar Baron, ana kuma cewa babu wanda ya kai shi tsabar kuɗi a masarautar. Duk da haka tsofaffin gidaje ba su manta ba. A 1621, ana tsakiyar muhawara a majalisar dattawa, Earl na Arundel, ɗan gidan Howard, ya goranta masa cewa kakanninsa kiwon tumaki suke yi lokacin da nasa ke hidimar ƙasa. An ruwaito cewa Spencer ya mayar masa da cewa sa'ad da nasa ke kiwo, na Arundel ƙulla cin amanar ƙasa suke yi. Maganar ta yi zafi domin an fille kan kakan Arundel a 1572 bisa wannan laifi, mahaifinsa kuma ya mutu a tsare. Arundel ya ƙi ba da haƙuri, majalisa ta tura shi kurkukun Hasumiyar Landan na ɗan lokaci.

Waɗanda suka biya kuɗin

Cacar bakin manya ke nan. Waɗanda aka raba da gonaki da hurumi ba su da kujera a majalisa, sai suka yi magana da shebur. A 1607 bore ya ɓarke a Northamptonshire ya bazu zuwa Warwickshire da Leicestershire, dubban talakawa suka fito suna tuge shingaye suna cike ramukan iyaka. A ƙauyen Newton, inda wani reshe na iyalan Tresham ya killace ƙasa, masu gandayen yankin suka tara barorinsu da makamai suka afka wa masu boren a watan Yuni, aka kashe fiye da mutum 40, aka rataye jagorori. Bayan ƙura ta lafa sarki ya sake kafa kwamitin bincike, aka ci wasu tara, amma killace ƙasa bai tsaya ba.

Iyalan Tresham na Rushton, maƙwabtan Spencer, sun nuna cewa tumaki kaɗai ba su isa ba. Su ma sun yi kiwo, sun killace ƙasa, amma sun tsaya kan ɗariƙar Katolika a ƙarƙashin gwamnatin Furotesta. Tara da ɗauri da gine-gine da aurar da 'ya'ya mata shida suka durƙusar da Sir Thomas Tresham da bashi. Ɗansa Francis ya shiga makircin tarwatsa majalisa da albarushi a 1605, ya mutu a tsare, a 1619 kuma aka sayar da Rushton. Bambancin gidajen biyu shi ne ɗaya ya san inda iskar mulki ke kaɗawa.

Abin da ya rage

Yaƙin basasar Ingila ya taɓa gidan Spencer. An naɗa Henry Spencer Earl na Sunderland a 1643, aka kashe shi a yaƙin Newbury cikin shekarar yana goyon bayan sarki, babban gidan Wormleighton kuma ya ƙone a lokacin yaƙin. Amma ƙasar ba ta fita hannunsu ba. Jikansa ya auri 'yar John Churchill, wanda ya zama Duke na Marlborough, daga wannan aure ne reshen da ya haifi Winston Churchill ya fito. Ɗaya reshen ya sami sarautar Earl Spencer a 1765, shi ne na Diana.

Har yau Althorp, mai faɗin kimanin eka 13,000, na hannun iyalan. A 1992 ƙanen Diana ne ya gaje shi, ko da yake yana da yayye mata, bisa tsarin da ya hana gandun tarwatsewa tun ƙarni na 16. A can aka binne Diana a 1997. A Wormleighton kuwa, kusa da mashigin ruwan Oxford, ana iya ganin tudda da kwazazzabai a cikin ciyawa, alamun gidaje da hanyoyin tsohon ƙauyen. Rahoton binciken 1517 ya adana adadin mutanen da aka kora daga wurin, ya adana sunan wanda ya kore su da na wanda ya saya.