Launi da Zane Wajen Rarrabe Ƙwari Masu Bakin Allura

Daga cikin ƙwarin da ake samu a ƙasashe masu zafi akwai wani babban rukuni wanda masana suka laƙaba wa suna Hemiptera. Abin da ya haɗa su shi ne baki mai kama da allura, wanda suke sokawa cikin tsiro ko jikin dabba su zuƙi ruwa. Kuɗin cizo ma ɗan wannan dangi ne, ko da yake shi ba ya tashi. Da yawa daga cikinsu fukafukansu na sama rabi ne da rabi: wajen kafaɗa da tauri, wajen ƙarshe kuwa shara-shara. A kan waɗannan fukafukai ne zanen da ake gane su da shi ya fi fitowa.

Misalin da ya fi kusa shi ne jan ƙwaron auduga, watau Dysdercus, wanda manoman ƙasar Funtuwa da Gusau da Gombe suka daɗe da sani. Launinsa ja ne ko ruwan goro, da baƙin ɗigo ko baƙin layi a kowane fiffike, ga kuma fararen layuka a cikinsa. Yakan huda kwanson auduga ya tsotsi angurya, ya bar wata fumfuna da ke rina audugar ta koma rawaya, darajarta ta faɗi a kasuwa. In babu auduga sai ya koma wa kuka da rimi da kuɓewa.

To, amma launi kaɗai yakan yaudari ido. Akwai wani ƙwaro, Phonoctonus, wanda ya kwaikwayi jan ƙwaron auduga a launi da zane, har yakan saje cikin garkensu, alhali kuwa farautarsu yake yi. Manomin da ya dogara ga launi sai ya kashe mai taimakonsa bai sani ba. Bambancin yana wajen baki: na mafaraucin gajere ne, kakkaura, a lanƙwashe, na mai cin angurya kuwa dogo ne siriri, kwance a ƙarƙashin ƙirji.

Har ila yau, jinsi guda na iya zuwa da kamanni iri-iri. Koren ƙwaron nan mai wari da ke ɓata wake da tumatir, Nezara viridula, wanda Linnaeus ya bayyana a 1758, akan same shi kore shar, ko kore da rawaya a ka, ko kuma rawaya baki ɗaya, duk kuwa jinsi ɗaya ne. 'Ya'yansa ma baƙaƙe ne masu fararen ɗige-ɗige, sai sun yi saɓa sau 5 kafin su ɗauki siffar iyayensu. Saboda haka masana sukan fara da launi don ware dangi, sa'an nan su ƙidaya gaɓoɓin baki da na ƙahonnin ji. In jinsi biyu sun yi kama ainun, sai a duba gaɓar haihuwar namiji ƙarƙashin madubin ƙara girma.