Daren da kwamfutoci uku suka faɗi a Madina

Ban jima da dawowa daga sallar Isha a Harami ba, ina ƙoƙarin ɗora ruwan shayi, sai wayata ta yi ƙara. Shugaban sashenmu ne, wani injiniya ɗan Sudan da kowa ke kira Bashmuhandis. Bai tsaya gaisuwa ba, ya ce in zo ofis yanzu, duka ukun sun faɗi.

Ni ɗan Zariya ne, a can na karanta ilimin kwamfuta, yau shekara huɗu ke nan ina aiki a wani kamfani da ke shirya wa alhazai masauki da motoci a Madina. Lokacin da abin ya faru muna cikin watan Zulƙida, jirage na ta sauka a filin jirgi na Yarima Muhammad bin Abdul'aziz. Duk wanda ya san aikin Hajji ya san yawancin mutanenmu da Madina suke farawa, kuma Nijeriya kaɗai kujeru 95,000 aka ware mata a 2023 da 2024. Da ƙarfe tara na safe muna jiran motoci tara cike da alhazai, kuma jerin sunayensu, da ɗakunan da aka raba musu a otal-otal na Markaziyya, da hotunan fasfo ɗinsu, duk suna cikin na'urorin da suka faɗi.

Bari in yi wa mai karatu bayanin abin da ya faɗi, kamar yadda na yi wa wani dattijo a daren. Shi ne mai kula da direbobinmu, Bahaushe haifaffen Madina, wanda kakansa ya zo aikin Hajji a ƙasa bai koma ba. Ya same ni a bakin ɗakin na'urori ya ce, "Ɗana, yaya kwamfuta uku za su mutu a dare ɗaya? Ba don gudun haka aka sayi uku ba?"

Na ce, "Baba, ka ɗauka shago ne a Kantin Kwari, da yaran shago uku, amma littafin bashi ɗaya. Idan kowa ya ɗauki biro ya rubuta lokacin da ya ga dama, kafin Magariba littafin ya zama shirme. To sai aka kafa doka: duba shafi kowa na iya yi tare da ɗan'uwansa, amma mai son rubutu sai ya karɓi makulli, sauran su dakata har ya gama."

Wannan shi ne abin da ake kira tsarin fayil na gungu. Kwamfutoci da yawa suna karatu da rubutu a kan rumbun ajiya guda, a lokaci guda, don in ɗaya ta gaza sauran su ci gaba da aiki. Dokar makullin kuwa tana zaune ne a cikin kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda ke tsakanin ƙarfe da sauran manhajoji. Kanel ɗin da muke amfani da shi na Linux ne, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Yau shi ne a cikin kowace wayar Android, kuma tun daga Nuwamban 2017 dukkan manyan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da shi suke aiki.

A cikin Linux akwai fitattun tsare-tsare biyu na wannan aiki. Akwai OCFS2, wanda kamfanin Oracle ya rubuta, ya shiga kanel a fitowa ta 2.6.16 a 2006. Akwai kuma GFS2 na Red Hat, wanda ya shiga a 2.6.19 a ƙarshen wannan shekarar, asalinsa kuwa wani bincike ne da aka fara a Jami'ar Minnesota ta Amurka a tsakiyar shekarun 1990. Hanyoyinsu sun bambanta, amma ginshiƙan ɗaya ne. Da mai rabon makulli. Da kundi na musamman ga kowace kwamfuta, inda take rubuta abin da take shirin yi kafin ta yi shi, don in ta mutu ana tsakiyar aiki wata ta karanta ta ƙarasa. Sai bugun zuciya: a OCFS2, misali, kowace kwamfuta kan yi alama a kan faifai duk bayan daƙiƙa biyu, in aka ji ta shiru kimanin minti ɗaya sai a ɗauka ta mutu. Wadda ta rabu da 'yan'uwanta kuma dole a killace ta, ko ta kashe kanta da kanta, domin yaron shagon da ba ya jin kiran sauran amma yana ci gaba da rubutu ya fi wanda ya suma haɗari.

Duk waɗannan matakai sun yi aikinsu a daren, kuma shi ya sa abin ya ɗaure mana kai. Da muka ɗauki hoton saƙon ƙarshe da kowace na'ura ta bari a allo, sai muka ga a layi ɗaya duka suka tsaya. Akwai wani aiki da ke tashi da kansa kowane dare yana haɗa jerin ɗakunan gobe. Ya buɗe wata jakar fayiloli a kwamfuta ta farko, ta faɗi. Sauran biyun suka jira, suka tabbatar ta mutu, suka ƙarasa kundinta, sannan aikin ya koma kan ta biyu kamar yadda muka tsara. Ya buɗe jakar nan, ita ma ta faɗi. Haka ta uku. Tanadin da muka yi don tsira shi ne ya riƙa kai gubar gida-gida.

Gubar kuwa lamba ɗaya ce. Kowace jaka tana da ɗan bayani a kan faifai da ke cewa gurbi nawa take da shi, kuma nawa ne a cike. Tamu tana da gurbi ɗari biyu da 'yan kai, amma wurin da ke nuna waɗanda aka cika yana cewa 65,535, wato lamba mafi girma da wurin zai iya ɗauka. Daga baya muka gano dalili: batirin na'urar rumbun ya daɗe da mutuwa ba mu lura ba, wuta ta ɗan girgiza da rana, rubutu ya tsaya a rabi. Kanel ya gaskata lambar, ya bi gurabun yana ƙirga har ya zarce iyaka ya shiga abin da ba nasa ba. A irin wannan hali yakan gwammace ya tsaya cak da ya ci gaba da ɓarna.

Bashmuhandis ya hana ni taɓa komai sai da muka kashe aikin daren nan, muka kuma ɗauki kwafin rumbun yadda yake. A kan kwafin muka fara gwada manhajar gyara ta fsck, muka ga abin da za ta yi, sannan muka sake ta a kan na ainihi. Ta ceto fayilolin, amma ta zuba su a jakar tsintuwa babu suna, sai lambobi. Ajiyar da muke da ita ta daren jiya ce, ba ta ƙunshi canje-canjen ranar ba. Haka muka zauna muna buɗe su ɗaya bayan ɗaya, Baba na gefe da takardun direbobi yana karanto sunayen jagororin ayari muna daidaitawa. Ana kiran assalatu muka gama. Motocin suka iso, kowa ya samu ɗakinsa, in ban da wasu tsofaffi mata huɗu da suka yi kusan awa biyu a zaune a falon otal kafin a gano nasu. Har yau in na tuna su sai in ji nauyi.

Bayan Hajji, da aiki ya lafa, abin ya ƙi fita raina. Lamba ɗaya da ta lalace ba ta isa ta kayar da kamfani ba. Tunda Linux a buɗe yake, kowa na iya sauke rubutunsa ya karanta, sai na sauke na fitowar da muke kai. Rubutun ya haura layi miliyan 30, amma saƙon da na ɗauka hoto ya nuna mini fayil ɗin da layin. Na kafa kwamfutocin gwaji uku a cikin laftof ɗina da QEMU, na haɗa su a kan faifan wasa, na ɓata lambar da hannuna. Suka faɗi kamar yadda na ainihi suka yi. A wannan sana'a, ranar da ka iya maimaita matsala da gangan ka ci rabin aiki.

Gyaran da ake aikawa ana kiransa faci, kuma sunan ya dace, don bai bambanta da na mai facin taya ba: ka nemo hujin, ka toshe shi kaɗai, ka mayar cikin ruwa ka gani ko yana kumfa. Nawa layi bakwai ne a harshen C. Idan an karanto bayanin jaka, a duba, in cikakkun gurabu sun fi gurabun da ke akwai, a rubuta ƙorafi, a hana rubutu a rumbun, a mayar wa mai buɗewa da amsar cewa fayil ya lalace. Na gwada a kwamfuta ɗaya, ba ta faɗi ba. Na kai wa Bashmuhandis ina ta murna.

Ya karanta sau biyu, ya ce in buɗe jakar daga kwamfuta ta biyu. Na buɗe, ta tsaya shiru. Ba ta faɗi ba, ba ta kuma amsa ba. Ta uku ma haka. Ashe a hanyar da na buɗe ta fita da ƙorafi na manta ban mayar da makullin ba. Yaron shago ya ga shafi a yage, ya yi ihu, ya fice da makulli a aljihu. Ga shi kuma zuciyarsa na bugawa, don haka babu mai cewa ya mutu balle a ƙwace. An yi cirko-cirko ke nan. Facina ya mayar da faɗuwa mai ƙara zuwa sandarewar da ba ta barin ko saƙo a allo, wadda ta fi wuyar ganowa.

Nan na fahimci abin da ya sa gyaran irin wannan tsari ya fi na kwamfuta guda wuya. Kuskuren ba ya zama a wuri ɗaya, yana tsakanin na'urori ne, wani lokaci kuma sai an yi rige-rige na ƙiftawar ido kafin ya bayyana. Shi ya sa masu aikin suka ƙera kayan farauta. Akwai lockdep, tun 2006, mai sa ido a kan jerin yadda ake karɓar makullai a cikin kanel. Akwai KASAN, da ya shigo a 2015, mai kama duk wanda ya zarce iyakar ƙwaƙwalwar da aka ba shi. Akwai kuma syzbot na Google, wanda dare da rana yake ciyar da kanel gurɓatattun bayanai da gangan, in ya faɗi ya kai rahoto.

Na gyara kuskurena, na ƙara layi biyu, na fara shirin aikawa. Ƙa'ida ce kafin ka aika ka gwada a kan sabuwar fitowa. Ina buɗe fayil ɗin sai ga binciken da na sha wuya a kansa zaune a wurin, wani ya riga ni da fiye da shekara, nasa ma ya fi nawa tsabta. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Da farko na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi, daga baya kunya ta biyo. Maganin yana nan tun kafin daren, mu ne muka shekara biyu muna ɗage sabuntawa, muna cewa abin da ke aiki kada a taɓa shi. Linux kan fito da sabon zubi duk bayan mako tara zuwa goma, kuma ana mayar da muhimman gyare-gyare zuwa tsofaffin zubin da ake ci gaba da kula da su. Namu kawai mu karɓa ne, ba mu karɓa ba.

Abin da ya fi zama mini a rai shi ne tarihin facin mutumin nan. A ƙasansa akwai layin da ke nuna wane tsohon canji ne ya haifar da matsalar, da wanda ya kai rahoto, da wanda ya duba, da sa hannun kowane mutum da facin ya bi ta hannunsa har ya isa ga Torvalds. Tun 2004 aka wajabta wannan sa hannu. Ga wanda ke zaune a garin Imam Malik, yana wuce Baƙi'a kullum, abin ba baƙo ba ne: magana ba ta karɓuwa sai an san wa ya ji daga wa. Amana ce jarin, kuma an ga haka a 2021, bayan da wasu masu bincike a Jami'ar Minnesota suka aika facin da suka san yana da lahani don gwaji, Greg Kroah-Hartman ya dakatar da karɓar aiki daga jami'ar baki ɗaya.

Ga ɗalibanmu da ke Madina, ko Alƙahira, ko Malesiya, ko Turai, wannan ƙofa ce da ba ta neman biza ko takardar shaida. Laftof mai matsakaicin ƙarfi ya isa. Ka koyi C da Git, ka kafa QEMU, ka karanta takardar ƙa'idar aika faci da ke cikin kanel ɗin kansa. Rahotannin syzbot a buɗe suke, da yawansu har da hanyar maimaita matsalar. Gidauniyar Linux tana da shirin horar da sababbin masu aikin kanel ƙarƙashin Shuah Khan. Kuma ba sai ka rubuta faci ba kafin ka yi amfani: wanda ya gwada na wani ya tabbatar yana aiki, shi ma ana rubuta sunansa. Ni da wannan na fara, kuma shi nake yi duk daren Juma'a.

A ofis mun canza batirin, mun sabunta na'urorin ɗaya bayan ɗaya a watan Safar, mun kuma sa doka cewa aikin da ya kayar da kwamfuta ɗaya ba zai koma kan ta biyu ba sai mutum ya duba. Ranar da muka gama, Baba ya aiko yaro da tamis da ful. Da na je yi masa godiya ya ce, "Ɗana, yanzu in yaron ya ga shafi a yage fa?"

Na ce, "Zai yi magana, Baba, ya ajiye makulli a kan tebur."

Ya gyaɗa kai, ya ce to in tuna masa kafin Zulƙida mu sake duba batirin.