Kurakuran takarda da ke hana asibitocin haƙori karɓar kuɗin inshorar lafiya

A watan Mayun 2022 ne shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sanya hannu kan dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda ta maye gurbin tsarin NHIS, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Najeriya. Sai dai a asibitocin haƙori, cin moriyar wannan doka ya rataya ne a kan takardar neman biya da asibiti ke aika wa kamfanin HMO, mai shiga tsakani wajen biyan kuɗin magani. Idan aka yi kuskure a cikinta, kuɗi ya maƙale, kuma sau da yawa majinyaci ne ke kwana a ciki.

Yadda ake biyan kuɗin

Asibitin matakin farko, inda mutum ya yi rajista, yana karɓar ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mai rajista, ko ya zo ko bai zo ba. Aikin haƙori kuwa galibinsa yana mataki na biyu, inda ake biya gwargwadon aikin da aka yi. Don haka sai asibitin farko ya ba da takardar turawa, kamfanin HMO ya fitar da lambar izini, sannan likitan haƙori ya fara aiki.

Inda ake tuntuɓe

Kuskuren da ya fi tsada shi ne fara aiki ba tare da lambar izini ba, ko kuma a karɓi izinin wankin haƙori a ɓige da cire shi. Idan likita ya ga aikin ya sauya bayan ya duba bakin majinyaci, wajibi ne a nemi sabon izini. A 2025 hukumar NHIA ta umarci kamfanonin su riƙa amsa buƙatar izini cikin sa'a ɗaya, saboda haka rubuta lokacin da aka aika buƙatar hujja ce ga asibiti idan aka samu jinkiri.

Na biyu shi ne rashin tantance majinyaci. A tsarin ma'aikata, inshorar ta shafi ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu da ba su kai shekara 18 ba. Yaron da ya haura shekarun, ko ƙanin da ya zo da katin yayansa, ko sunan da aka rubuta Muhammad a kati amma Mamman a fayil, duk suna iya sa a dawo da takarda.

Akwai kuma lambar haƙori. A tsarin lamba biyu da likitoci ke amfani da shi a ƙasashe da dama, 36 na nufin matauni na farko a ƙasa ta hagu, 46 kuma takwaransa ne na dama. Lamba ɗaya ce ta raba su, amma idan fayil ya nuna an cire 36 a bara, takardar bana kuma ta ce an cike shi, mai tantancewa zai ɗauka zamba ce.

Haka nan, ba kowane aiki inshorar ke ɗauka ba. Cirewa da ciko da wankin haƙori suna ciki, amma aikin ado irin su ƙara wa haƙora fari ko sanya haƙorin Makka ba sa ciki. Ya kamata a faɗa wa majinyaci haka, da farashinsa, tun kafin ya hau kujera. Sauran kurakuran sun haɗa da rubuta farashin da ya saɓa wa jadawalin da aka amince da shi, da rashin haɗa hoton haƙori da bayanin likita, da barin takardu su taru har wa'adin miƙa su ya wuce.

Abin da ya shafi jama'a

Asibitin da aka yi ta mayar masa da takardu yakan fara ɗari-ɗari da masu katin inshora, ko ya nemi su biya daga aljihu, alhali ana cire musu kuɗi daga albashi. Maganin bai wuce a ware ma'aikaci ɗaya da zai gwada kowace takarda da fayil kafin a aika ta ba, tare da ajiye kundin waɗanda aka dawo da su da dalilan dawowar.

Shi kuwa majinyaci yana da ikon tambayar ko an fitar masa da lambar izini, da neman rasit a kan duk abin da ya biya. Idan an caje shi kuɗin aikin da inshora ta ɗauka, yana iya kai ƙorafi ofishin NHIA na jiharsa, ko hukumar jiha kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna idan a ƙarƙashinsu ya yi rajista.